Ciwon da ake ado da sunansa

A Nima, wata unguwa a birnin Accra na Ghana, aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya, famfon da ya fi yawan kwana a bushe. Mma waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi, Baba kuma direban tirela ne mai ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai. Duk wanda ya tashi a unguwarmu a shekarun 2000 ya san ruwa kuɗi ne. Da galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira galan ɗin Kufuor, muke bin lunguna muna saye. A kan ruwa ciwona ya fara bayyana, a kansa kuma na fara shan duka.

Ina da wajen shekara 13 malamar makarantarmu ta koya mana hukuncin wanka da tsarki. Sauran 'yan mata suka ji, suka kama, suka wuce. Ni kuwa idan na gama alwala sai wani abu ya ce mini ruwa bai kai gwiwar hannu ba. In sake. Ina kai wa ƙafa sai ya ce na tsallake shafar kai. In koma farko. Buta ɗaya ta daina isa ta. Da farko yabo na samu, tsofaffin gidan suna cewa yarinyar nan akwai tsoron Allah. Ba a daɗe ba yabon ya koma mita, domin wurin wanka biyu ne kacal a gidan, mutane na layi da asuba za su tafi nema, ni kuma ina ciki ina zuba ruwa ina kuka a hankali don kada a ji. Mma takan buga ƙofar langa-langar ta ce, "Ke kaɗai ce Musulma a gidan nan? Ruwan nan da gumina na saye shi."

Daga alwala abin ya shiga salla. In ɗaga hannu zan yi kabbarar harama, in ji niyyar ba ta zauna ba, in sauke. La'asar takan kai ni gab da magariba. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Ina cikin sujada sai munanan kalmomi game da Ubangiji su faɗo mini a zuciya, kalmomin da ko za a yanka ni ba zan furta ba. Na yanke wa kaina hukuncin cewa na fita daga Musulunci. Ina tafiya a hanya ina maimaita kalmar shahada a ɓoye, in gama, in ji ban faɗe ta daidai ba, in sake. Wannan ɓangaren ban gaya wa kowa ba, ko Mma, har sai da na zama uwa.

An yi mini abin da aka sani. Na sha rubutu, an turara ni, an yi mini ruƙiyya. Ba na raina addu'a, kuma na san iyayena da zuciya ɗaya suka yi. Wata gwaggona ta kawo shawarar a kai ni wani sansanin addu'a a bayan gari, inda aka ce ana fitar da aljanu ko na wane addini ne. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a kai 'yarsa can ba, domin a yawonsa ya taɓa ganin mutane ɗaure da sarƙa a gindin bishiya a irin wuraren nan. Daga baya duniya ta ji abin da ya gani, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahotonta a 2012, sannan a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sanar da haramta ɗaure marasa lafiya. Allah ya ji ƙan Baba, taurin kansa na ranar ya cece ni.

Boko ba ta yi nisa ba. A jarrabawar gama ƙaramar sakandare nakan karanta tambaya ɗaya in sake karantawa har a ce a ajiye alƙalami. Aka kai ni koyon ɗinki wajen wata madam a Mamobi, na gama, na ci gaba da aiki a shagonta.

Wajen 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta fi tsanani, muna zaune a shago kekunan lantarki a kashe, kowa na lallaɓa ragowar cajin wayarsa, sai wasu sababbin kalmomi, sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa na Turanci, suka shigo bakin 'yan mata. Wuta ta zo ta ɗauke kafin dutsen guga ya yi zafi, sai a ce wutar nan baifola ce. Madam ta shigo da fara'a da safe ta yi faɗa da rana, ita ma baifola. Saurayi bai kira ba kwana biyu, an shiga difireshan. Akwai wata abokiyar aikina da muka shaƙu ƙwarai, ta gama sakandare, tana kallon finafinan Amurka, ita ta kawo mana OCD. Zarurrukanta a jere suke launi-launi, almakashinta yana da wurin kwanansa. Idan ka ɗauki tef ɗin awonta ka ajiye a karkace, sai ta gyara tana dariya ta ce, "Ku yi haƙuri, OCD ɗina ne ya motsa." Da ɗan yanga take faɗa, kuma ya yi mata kyau. Sauran ma suka fara neman nasu rabon, wannan ta ce ba ta iya barci sai ta share ɗaki, waccan ta ce ita a jera takalma nata yake.

To, daga bakinsu na koyi abin da haruffan nan uku suke nufi: tsafta, tsari, wayewa. Ni kuwa ɗakina abin kunya ne. Kaya a jibge suke a lungu saboda tsoron taɓa su nake, wannan zanen ya taɓa ƙasa, wancan mayafin yaro ya riƙe shi da hannun da ban san abin da ya taɓa ba. Hannuwana a tsattsage saboda sabulu. Kullum ni ce ta ƙarshen zuwa aiki, har madam ta sa mini suna Malalaciya. Ko a mafarki ban haɗa kaina da OCD ba.

Wata shekara, ranar 10 ga Oktoba da duniya ta keɓe wa lafiyar ƙwaƙwalwa, wata nas ta zo taron ƙungiyarmu ta masu ɗinki ta yi mana bayani. Tana lissafa cututtuka, da ta ambaci OCD sai ɗakin ya ɗauki shewa, kowa na nuna ƙawata da yatsa, ita kuma ta miƙe ta yi ɗan rusunawa. Nas ɗin ta yi dariya, ta ga lokaci na tafiya, ta wuce zuwa na gaba. Ina zaune a layi na biyu da hannuwana a ɓoye cikin mayafi. Da an bar matar nan ta yi jimla uku a kan abin, da shekarun da suka biyo baya sun zo mini da sauƙi. Wannan ita ce asarar da raha ta jawo mini, kuma babu wanda ya yi da mugunta a ɗakin.

Wanda ciwo ya kama da gaske kuwa, wasu kalmomin aka tanadar masa. Mahaukaci. A kai shi Pantang. Ya tsere daga Asylum. Asibitocin ƙwaƙwalwa uku gwamnati take da su, na Accra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975, dukansu a kudu, kuma sunayensu sun zama zagi a bakin yaran mota da 'yan makaranta. Akwai wani saurayi a lungunmu, mai hankali da ladabi, wanda yakan yi kwanaki ba barci, ya yi ta magana ba numfashi, ya rabar da jarinsa yana cewa shi zai gina wa Nima asibiti, sannan bayan wasu makonni ya kulle kansa a ɗaki ya ƙi ko wanka. Shi ne mai baifola na ainihi a unguwar, ciwon da juyinsa kan ɗauki kwanaki ko makonni, ba tsakanin safe da rana ba. Ban taɓa jin wani ya kira ciwonsa da wannan suna ba. Yara dai na bin sa suna Pantang, Pantang. Masu lafiya sun ɗauke sunayen Turancin suna ado da su, marasa lafiya an bar su da mahaukaci. Tunda na san ni ba 'yar gayu ba ce, sai na ƙaddara cewa ranar da asirina ya tonu, wancan sunan ne nawa. Shi ya sa na ƙara ɓoyewa.

Na yi aure a 2017. Maigidana ɗan kasuwar kayan gyaran mota ne a Abossey Okai, yakan fita da sassafe ya dawo da dare, don haka bai ga rabin abin ba. Na haihu a 2019. Ina gidan Mma wankan jego abin da sauƙi, akwai hannuwa da yawa. Da na koma ɗakina, ni kaɗai da jaririya, sai ciwon ya sake kama. Ina yanka albasa, sai hoton wuƙar a jikin 'yata ya faɗo mini. Ina tsallaka gwata da ita a baya, sai in ga kamar na kwance zanen da kaina. Jikina ya ɗauki rawa. Na tattara wuƙaƙen gidan na kai ɗakin maƙwabciya da sunan aro. Na daina yi mata wanka sai da wani a kusa. Uwar mijina ta ce ita ba ta taɓa ganin mace mai ƙyuya irina ba, ni kuma na gwammace a ce mini mai ƙyuya da a san abin da ke kaina. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan?

A wurin awon yara asirin ya fito. Nas ɗin da ke karɓar kati ta kalli hannuwana ta tambayi abin da ya same su, na ce omo ne. Ta kalle ni, ta tambaya ko ina barci, sai hawaye. Ba ta ja maganar a gaban mutane ba, ta rubuta 'yar takarda ta nuna mini wata ƙofa a ƙarshen baranda, inda nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa take zama. Ban ma san akwai irinsu a ƙananan asibitocin unguwa ba, na zaci sai an je Adabraka, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Accra yake.

Babbar mace ce daga arewa, tana jin Hausa. Ba ta tambaye ni ko ina son tsafta ba. Ta ce, "Ƙanwata, akwai tunanin da ke zuwa miki ba da sonki ba, wanda kike ƙyama, kina kora yana dawowa?" Na ce akwai. "Akwai abin da kike yi, ki sake yi, don hankalinki ya kwanta?" Na ce akwai. "A rana, awa nawa yake cinye miki?" Na yi lissafi a zuci na ga ya fi rabin wunina. Daga nan bakina ya buɗe, na faɗi na sujada, na faɗi na wuƙa, ina jiran ta kira a karɓe mini yarinya. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce abin da nake kwatantawa sunansa OCD, kuma za ta haɗa ni da likita ya tabbatar.

Na ce mata, "Anti, ba shi ba ne. Da kin ga ɗakina da ba ki faɗi haka ba."

Ta ajiye biro ta ce wannan maganar ta gaji da jin ta. Ta ce ciwon ba ruwansa da kyan ɗaki. Tunani ne mai cusa kai da ke tayar da tsoro, da aikin da mutum ke maimaitawa don ya kashe tsoron, har ya riƙa cin fiye da awa 1 a rana ko ya hana mutum rayuwarsa. Yana kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100, yakan fara tun ƙuruciya ko farkon balaga, kuma haihuwa na iya tayar da shi. A wajen mai addini ta ƙofar addini yake shigowa, a wajen mai jego ta kan jaririnta, domin abin da mutum ya fi ƙauna shi yake kamawa. Ta ce firgitar da nake yi da tunanin ita ce shaidar ba nufina ba ne. Sannan ta ce maimaitawar tamkar susar ƙaiƙayi ce, daɗi na ɗan lokaci, ƙarin ƙaiƙayi daga baya.

Likita ya ɗora ni a kan ƙwayar satralin, ya ce ta dace da mai shayarwa, ya kuma gargaɗe ni cewa a wannan ciwon magani kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai. Mai wuyar ita ce horon da aka haɗa mini da shi. In yi alwala sau ɗaya, in tashi, in zauna da tsoron ba tare da na koma ba, har ya sauka da kansa. In yanka albasa da 'yata goye a bayana. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa daga wani tsohon malami ya zo, aminin Baba. Na je masa a tsorace, ina ganin likita na so ya sa ni wasa da salla. Ya saurara har na gama, ya miƙa hannu ya ɗauko Ahalari, littafin da muka haddace muna yara ba mu san me muke rerawa ba. Ya karanta mini inda aka ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujada bayan sallama kawai. Ya kawo hadisin da ke cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Ya ce, "'Yata, abin da likitanki ya ce ki yi, shi malamai suka ce tun da daɗewa. Sha maganinki." Na fito daga zauren nan ina jin kamar yau na musulunta.

Na ɗauka samun suna ya kawo ƙarshen wahala. Ashe sunan ya riga ya lalace a gari kafin ya iso gare ni. Ƙawata ta shago na fara gaya wa. Ta tafa hannu ta ce, "Haba! Ai ni ma ina da shi tun tuni, meye na zuwa asibiti?" Wata kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Da wannan ɗakin naki?" Yayan maigidana ya tambayi 'ya'yansa 'yan jami'a, suka ce masa ai son tsafta ne, ya kira ƙaninsa ya ce mata dai ba su rasa hanyar cin kuɗin miji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta ce kulawar kyauta ce, amma idan babu maganin a asibiti sai ka nufi kemis da kuɗinka. A ƙarshen 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 kasuwar maigidana ta tsaya cak, aka zauna rage kashe-kashe, maganina na cikin abubuwan farko da aka soke. Ba mugu ba ne. Ya ji ana cewa kowa na da shi, to wa zai sayi magani don abin da kowa ke da shi yana yawonsa lafiya? Cikin 'yan makonni na koma gidan jiya. Sai da ya dawo wata rana ya tarar da ni a wurin wanka tun azahar, yarinya na kuka a ƙofa, sannan ya bi ni wajen nas ɗin ya ji da kunnensa. Tun daga ranar shi yake tuna mini ranar komawa asibiti.

Yanzu ina da shagona da 'yan koyo. A Nuwamban 2024, da Black Stars, 'yan ƙwallon ƙafar Ghana, suka kasa samun gurbin gasar cin kofin Afirka, karo na farko tun 2004, duk wanda na duba a WhatsApp ya rubuta ya shiga difireshan. A daidai lokacin ɗaya daga cikin yarana ta daina cin abinci, ta daina dariya, ta rame, ɗinkin da take so ya fita ranta, fiye da wata guda. Ta yi ƙarfin hali ta gaya wa mahaifiyarta tana jin difireshan ne ke damun ta. Amsar da ta samu ita ce, "Wa ye ba shi da difireshan a Ghana? Tashi ki ɗora ruwa." Bayan kwanaki ta yi yunƙurin halaka kanta, Allah ya sa aka gan ta da wuri. Kafin 2023, lokacin da majalisa ta cire wannan daga jerin laifuffukan dokar 1960, da 'yan sanda ma za a iya kira mata. Ta dace kuma, domin a Nuwamban 2024 ne inshorar lafiya ta ƙasa ta fara biyan kuɗin jinyar cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu, ciki har da ciwon damuwa, wato difireshan, da baifola. Tana shan magani, ta dawo bakin kekenta.

Ba na cikin masu cewa a kama bakin mutane. Yawon da kalmomin nan suka yi ya ɗan rage tsoro, yarana na shago ba sa jin an ce likitan ƙwaƙwalwa su zabura yadda su Mma suke yi. Sai dai wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ransa ne ya ɓaci, mai jera zare tsari gare ta, madam mai faɗa da rana saurin fushi gare ta, kuma duk muna da bakin faɗin waɗannan tun kafin waya ta zo. A shagona idan yarinya ta ce OCD ɗinta ya motsa, ba na faɗa. Tambayar da aka yi mini nake yi mata, awa nawa yake cinye miki a rana, kuma kina jin daɗinsa ko kuka yake sa ki? Yawanci sai a yi dariya a ce a'a, Madam, wasa ne. Sau ɗaya wata ta tsaya bayan an tashi, ta ce ba ita ba ce, wanta ne, yana shiga wurin wanka ya ƙi fitowa har an fara cewa wiwi yake sha a ciki. Na ba ta kwatancen ƙofar nan ta ƙarshen baranda.

Ƙawata tana nan, muna zumunci, tana zuwa suna da biki. Har yau takan faɗa wani lokaci, sai ta tuna ta kama baki ta ce, "Yi haƙuri." Ni ma ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Azumi ya fi ba ni wuya, domin sai in riƙa shakkar ko na haɗiye ruwa wajen kurkure baki, kuma rashin barci na ƙara masa ƙarfi. Amma alwalata ɗaya ce, sallata na kan lokaci, ni nake yi wa 'ya'yana girki. Likita ya ce idan na wuce babbar salla yadda nake yanzu za mu zauna mu duba ko za a fara rage maganin kaɗan-kaɗan. Maigidana ya ce shi dai kada a yi gaggawa.